Rawar zamani a Sin: an cika dandamali, an bar ɗakin atisaye da yunwa

A daren 31 ga Janairun 2022, babban gidan talabijin na ƙasar Sin ya nuna wani yanki na wasan rawa mai suna Zhi Ci Qing Lü a bikin jajibirin sabuwar shekarar Sinawa, shirin da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke kallo. Mata ne sanye da dogayen riguna shuɗi da kore, suna kwantar da jiki baya sannu a hankali har su yi kama da duwatsun da ke cikin wani tsohon zane na zamanin daular Song. Cikin 'yan kwanaki matasa suka cika intanet da bidiyonsu suna gwada wannan lanƙwasa, tikitin wasan kuma ya zama sai mai rabo. Wata uku bayan haka, a ƙarshen Afrilu, ƙungiyar TAO Dance Theater ta birnin Beijing, wadda ta yi wasa a ƙasashe fiye da 40, ta sanar cewa za ta watse saboda ta kasa biyan 'yan rawarta albashi. Annobar korona ta tsayar da rangadin ƙasashen waje, wanda shi ne abincinta. Da ƙyar ta tsira, a 2023 kuma bikin rawa na Venice a Italiya ya ba ta lambar yabo ta Zakin Azurfa.

Duk wanda zai yi maganar ci gaban rawar zamani a Sin, wato salon rawar dandamali da ya taso a Turai da Amurka inda mai rawa ke ƙirƙiro nasa motsi, sai ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare. Rawa ba ta taɓa samun 'yan kallo da kuɗi da manyan gine-gine a ƙasar kamar yanzu ba. Amma wurin da ake haifar da sabon salo, wato ƙaramin ɗakin da mutum takwas ko goma ke haɗuwa kowace safiya su yi aiki da jikinsu shekara da shekaru, shi ne wurin da kuɗin bai cika isa ba. A ganina ma'aunin ci gaban wannan fasaha yana cikin wannan ɗaki: ko akwai darasin safe kullum, ko akwai albashin wata-wata, ko daɓen da ake tsalle a kai yana kare gwiwa, ko ana sake nuna aikin bara. Lambobin yabo da cikar zaure suna biyo baya.

Tarihin abin ma haka ya nuna. Wu Xiaobang ya koyi sabuwar rawa a Japan a wajen malaman da suka sha daga salon Jamus, ya yi wasansa na farko a Shanghai a 1935. Dai Ailian, wadda aka haifa a Trinidad a 1916, ta yi karatu a Ingila kafin ta zo ƙasar kakanninta wajen 1940. Dukansu sun kawo tunanin cewa mai rawa yana iya ƙirƙiro motsi daga jikinsa da zamaninsa. Bayan 1949 gwamnati ta zaɓi hanyarta: rawar bale (ballet, tsohuwar rawar dandamali ta Turai) irin ta Tarayyar Sobiyet, rawar gargajiyar ƙabilu da aka gyara domin dandamali, da wata rawar ƙasa da aka haɗa daga dabarun yaƙi da wasan opera na Sin, wato wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa. A kan waɗannan aka kafa makarantar rawa ta Beijing a 1954. Rawar zamani irin ta Amurka kuwa aka ɗauke ta kayan 'yan jari-hujja. Ɗakin aikin da Wu ya buɗe a ƙarshen shekarun 1950 an rufe shi a 1960, daga 1966 zuwa 1976 kuma 'yan wasanni ƙalilan na juyin juya hali ne kawai ake bari a nuna. Igiyar ta tsinke, domin rawa daga jiki zuwa jiki take tafiya, idan aka yi shekara 20 babu mai koyarwa, an rasa zuriya guda.

Wadda ta sake ƙulla igiyar ita ce Yang Meiqi, shugabar makarantar rawa ta lardin Guangdong. Ta je bikin rawa na Amurka da ake yi a Durham a 1986, ta dawo, a 1987 ta buɗe ajin gwaji a Guangzhou. Abin lura shi ne abin da ta nema. Ba ta ce a turo mata ƙungiya ta yi wasa dare biyu ta tafi ba. Malamai ta nema, su zo su zauna makonni da watanni suna koyarwa kullum, ɗaya bayan ɗaya, har shekara uku. Daga wannan aji ne Qiao Yang da Qin Liming suka ci lambar zinariya a gasar rawa ta Paris a 1990, daga cikinsa kuma aka kafa ƙungiyar rawar zamani ta Guangdong a 1992, ta farko irinta a babban yankin ƙasar. Willy Tsao, mai tsara rawa wanda ya kafa ƙungiyarsa a Hong Kong tun 1979, ya ba wannan ƙungiya ta Guangdong lokacinsa da kuɗin aljihunsa. Ta Beijing ta biyo baya a 1995, wata mai zaman kanta mai suna LDTX a 2005, shekarar da doka ta sassauta wa ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. Kusan duk sunan da ake ji a yau, idan aka bi salsalarsa, za a iske ya ratsa ta ɗayan waɗannan ɗakuna.

Dalilin da ya sa aikin ke cin lokaci haka yana cikin irin jikin da makarantun ƙasar ke fitarwa. Ana ɗaukar yaro makarantar rawa yana ɗan shekara 11 ko 12, ya yi shekara shida a kwana. Kafin a ɗauke shi ana auna shi da tef: dogon hannu, doguwar ƙafa, dogon wuya, ƙaramin kai, a sashen bale kuma ana son tsawon ƙafa ya zarce na gangar jiki da kusan santimita 12. Daga nan sai miƙa jijiya kullum, danna ƙafa a kan sanda, karya baya, juyi, tsalle, tuntsura gudi-gudi. Wanda ya gama yana iya ɗaga ƙafa ta taɓa kunne ya tsaya cak. Ƙwarewa ce ta gaske, babu mai raina ta, kuma saboda ita ne masu tsara rawa daga Turai ke sha'awar aiki da Sinawa. Sai dai jiki ne da aka horar ya riƙe kansa sama: ƙirji a buɗe, ciki a ɗaure, haɓa a ɗage, fuska tana fuskantar 'yan kallo. Rawar zamani kuwa abin da take fara tambaya shi ne nauyinka, yadda za ka sake shi ƙasa ta karɓa, da yadda za ka aro ƙarfi daga ƙasan ka tashi.

A ɗauki faɗuwa gefe, wadda ita ce darasin farko a wannan fanni. Ana sassauta gwiwa, a fitar da numfashi, a bar nauyi ya gangara ta gefen tafin ƙafa, gefen ƙwauri, gefen cinya, tsokar ɗuwawu, sannan haƙarƙari. Hannu zamewa yake yi a kan daɓe, kai kuma shi ne na ƙarshen sauka. Duk tafiyar a kan tsoka ake yin ta, ana kauce wa ƙashi. Ɗalibin da ya fito daga waccan makaranta yakan yi kuskure uku. Yana riƙe numfashi, sai jiki ya sandare ya faɗi gaba ɗaya kamar icce. Yana tokare ƙasa da tafin hannu domin kada ya ɓata siffa, sai wuyan hannu da kafaɗa su ɗauki bugun. Yana kuma sauka a kan ƙoƙon gwiwa ko tsinin ƙashin ƙugu, bayan mako biyu wurin ya kumbura. Ba rashin ƙarfi ke jawo wannan ba, tsokar ce ta saba da kamewa shekara shida, ba ta san sakewa ba. Malami nagari yakan kwantar da irin wannan ɗalibi a ƙasa minti 20 a farkon kowane darasi, yana mirgina daga baya zuwa ciki ba tare da hannu ba, har ya ji inda nauyinsa yake. Kafin sabon hali ya zauna a jiki, ya daina dawowa tsohon idan an kunna fitilun dandamali, akan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani ɓangare na wannan al'ada ta lanƙwasa da ya kamata a faɗa ƙarara. Azuzuwan rawa na yara sun yawaita a birane, da yawa kuma suna sa 'yan mata ƙanana su karya baya daga tsaye har hannu ya taɓa ƙasa. Idan yarinya ta zame ko ta daɗe a haka, laka na iya jin rauni ko jini ya daina isa gare ta, alhali hoton ƙashi ba zai nuna karaya ba. Da farko ƙafa ce take yin sanyi ko baya ya yi ciwo, malama ta ce a huta kaɗan a ci gaba, cikin 'yan awoyi ƙafafu su mutu. Likitocin ƙasar sun daɗe suna rubutu a kan wannan, a 2023 kuma ma'aikatar ilimi ta fitar da gargaɗi a kan sa yara 'yan ƙasa da shekara 10 irin wannan atisaye. Duk lokacin da talabijin ta mai da karya baya abin tafi, sai wata uwa ta nemi a koya wa 'yarta. Koyarwar rawar zamani, wadda ke farawa da sanin ƙashin baya da numfashi, tana da abin da za ta ba waɗannan azuzuwa, in da za a horar da malamansu.

Tambayar da aka fi yi wa masu wannan fasaha tun 1987 ita ce ko rawar tasu ta Sin ce ko kwaikwayon Turawa. Jami'ai suna yin ta a gida, masu shirya bukukuwa suna yin ta a waje, kowa da manufarsa. Amsa mai arha ita ce a ɗauko mafici, jan siliki, dogon hannun riga da kiɗan molon gargajiya a lulluɓe motsin da aka koyo daga Amurka. An yi irin wannan da yawa, yana sayar da tikiti, yana kuma tsufa da wuri. Amsa mai tsada tana cikin yadda jiki ke tafiya. Tsohuwar koyarwar opera da ta taici, wato motsa jikin gargajiya na Sinawa da ake yi sannu a hankali, tana da ƙa'idoji da babu su a bale: motsi yana farawa daga ƙugu, yana bin da'ira, ko a kwance, ko a tsaye, ko mai siffar lamba 8, mai son zuwa hagu yakan fara ɗan karkata dama, numfashi ke ɗaga gangar jiki ya kuma nutsar da ita. Wanda ya ɗauki waɗannan ya cire musu kaya da labari, ya tambaye su me za su iya yi yau, shi ke yin sabon abu.

Aikin Tao Ye da Duan Ni, waɗanda suka kafa TAO tare da Wang Hao a 2008, misali ne a kusa. Sunayen ayyukansu lambobi ne, gwargwadon yawan masu rawa, kowane kuma an gina shi a kan hani guda. A mai suna 4, mutum huɗu ne fuska a rufe, suna tafiya tare amma ba sa taɓa juna. A 5, mutum biyar ne a dunƙule, ba sa rabuwa ko sau ɗaya. A 8, duka a kwance suke. A 6, mutum shida ne a jere cikin haske mai duhu-duhu, ƙafafu a kafe, hannuwa riƙe da dogon siket a ƙugu, ba abin da ke aiki sai ƙashin baya da kai. Gangar jiki ta zuba gaba, ta kewaya gefe, ta koma baya, kai yana biye kamar an ɗaure shi da zare, su shida a bugu ɗaya. Tao yakan sa 'yan rawarsa su ɗauka cewa kowace gaɓa, har tsakar ka da gwiwar hannu, alƙalami ce mai zana da'ira a iska. Mai kallo ba zai ga mafici ko dodon almarar Sinawa ba, amma wanda ya san taici zai gane daga ina wannan kewayawa ta fito. Abin da ya kamata a fahimta shi ne ba a hayar mutum shida a koya musu wannan a wata guda. Idan ɗaya ya fara motsin daga wuya maimakon daga ƙasan baya, zai riga sauran da rabin daƙiƙa, layin ya wargaje, bayan mako guda kuma wuyansa ya ƙage. Sai wanda ya yi darasin ƙungiyar kullum na tsawon lokaci ke iya shiga layin nan. Ranar da ƙungiyar ta watse, salon ma ya tafi, ko da bidiyo ya rage.

Shen Wei ya bi wata hanyar. Ya tashi cikin wasan opera na lardin Hunan, yana zane, yana cikin waɗanda suka fara ƙungiyar Guangdong, ya koma New York a 1995. Masu rawar da duniya ta gani suna zana tawada da jikinsu a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008, daga wani aiki ne da ya yi da ƙungiyarsa tun 2004. Wato babban biki ya ci daga abin da ƙaramin ɗaki ya dafa. Wen Hui kuwa, wadda ta kafa Living Dance Studio da Wu Wenguang a 1994, ta juya ga jikin talaka. A 1999 ta gina wasa a kan hirarrakin da ta yi da mata game da haihuwa. A 2001 ta yi aiki da leburorin gini 30 da suka zo Beijing daga ƙauyukan Sichuan, a cikin wata tsohuwar masaƙa, ana biyansu kuɗin yini. Babu wanda zai ce aikin nan ba na Sin ba ne, alhali babu ko ƙyallen siliki a ciki. Yawancin wasanninta a ƙasashen waje aka fi ganinsu, domin a gida duk wasan da za a sayar wa tikiti sai ofishin al'adu ya duba abin da ke ciki ya ba da izini, aikin da ke magana a kan abin da mutane suka gani da idonsu kuma ba ya wucewa cikin sauƙi. Wannan ma asara ce ga 'yan kallon gida, bai kamata a yi shiru a kai ba.

Yanzu ga lissafin kuɗi. Ƙungiya mai mutum goma tana bukatar ɗaki da ya kai mita 12 a tsawo da faɗi, ba ginshiƙi a tsakiya, rufi sama da mita 4 saboda ɗaga juna. Tana bukatar daɓen katako hawa biyu ko uku a kan ƙananan matasan roba, a shimfiɗa leda mai kauri ta musamman a sama. Wanda ya shimfiɗa ledar kai tsaye a kan siminti ya samu abin da ido ba zai bambance ba, amma duk tsalle bugun yana komawa ƙwauri, gwiwa da ƙasan baya. Bayan 'yan makonni sai ciwon ƙwauri, kumburin agara, wani lokaci ƙashi ya tsage. A sanyin Beijing sai an ɗumama ɗakin ya kai maki 20 zuwa sama, in ba haka ba tsoka ta yage. Yini guda ya ƙunshi darasin minti 90 da safe, sannan gwaji na awa huɗu ko biyar. A lissafi mafi sauƙi, minti ɗaya na sabuwar rawa da aka tace yana iya cin awa biyar na gwaji, ke nan wasan awa guda yana neman awa 300, kusan mako 12. Duk wannan lokaci ana biyan haya da albashi, ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. Haya kuwa ita ta kora yawancin irin waɗannan ɗakuna zuwa bayan gari, cikin tsofaffin rumbunan ajiya, inda mai gida ko hukumar tsara birni ke iya ta da su kowane lokaci.

Asusun fasaha na ƙasa, wanda aka kafa a ƙarshen 2013, ya kawo kuɗi na gaske, ƙungiyoyi masu zaman kansu ma suna iya nema. Sai dai tallafin na aiki ne guda-guda: a rubuta me za a yi, a gama cikin wa'adi, a nuna shi sau kaza, a kawo rahoto. Wannan tsari ya dace da babban wasan kwaikwayon rawa mai labari, wanda ake iya bayyana shi a takarda tun kafin a fara. Bai dace da mai tsara rawar da zai shiga ɗaki da tambaya guda, bai san amsarta ba sai bayan wata uku. Kuma ba ya biyan watannin da ke tsakanin aiki da aiki, waɗanda su ne watannin darasi. Abin da ke faruwa a aikace shi ne matashi ya samu tallafi, ya tara 'yan rawa daga nan da can na mako huɗu ko biyar, kowa da horonsa daban. Lokaci bai isa a haɗa jikinsu ya zama harshe ɗaya ba, sai a koma ga abin da kowa ya riga ya iya: ɗaga ƙafa, juyi, gudu a faɗi, a rufe giɓin da hayaƙi da fitila. A yi dare biyu, a ɗauki hoto domin rahoto, kowa ya koma koyar da yara ko rawar talla. Bayan shekara biyar mai tsara rawar yana da ayyuka biyar, amma ba shi da salo.

Gasanni sun ƙara wa abin nauyi. Kofin Taoli na makarantu, wanda aka fara a 1985, da lambar Furen Bado da ta zo a ƙarshen shekarun 1990, su ne tsanin samun aiki da ƙarin girma. Gasar talabijin ta tashar Hunan da aka fara a 2019 ta sa 'yan rawa da dama sun yi suna. Amma dukansu gajeren wasa suke so, na 'yan mintuna, wanda zai sa alƙali ya ɗago kai. Mai shirya irin wannan ya koyi sa abin mamaki kowane rabin minti. Wasan awa guda kuwa yana bukatar akasin haka: haƙurin barin abu ɗaya ya daɗe har mai kallo ya fara ganin abin da bai gani da farko ba. Da yawa daga matasan da suka ci gasa, idan aka ba su dare guda, sai ka ga gajerun wasanni goma aka jera.

Masu kare manyan wasannin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ayyukan Han Zhen da Zhou Liya, waɗanda suka tsara wancan wasa na shuɗi da kore, sun kawo mutanen da ba su taɓa sayen tikitin rawa ba. An yi su da ƙwarewa, sun ba ɗaruruwan 'yan rawa aikin yi, kuma duk mai ido zai ga dabarun rawar zamani a cikin yadda suke jujjuya taro da lokaci. Cibiyar rawa ta Shanghai da aka buɗe a 2016, mai babban zaure na kujeru kusan 1,000 da ƙarami na kusan 300, ta ba ƙananan ƙungiyoyi irin ta Xie Xin wurin tsayawa. Ban ga laifin kowane daga cikin waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne dabarun da manyan wasanni ke ara, wani ne ya gano su a ƙaramin ɗaki shekara 10 ko 20 da suka wuce, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan aka bar ɗakunan suka mutu, manyan wasannin za su yi ta maimaita kansu, an ma fara ganin haka a yawan wasannin da ke ɗauko tsohon zane ko tsohon kayan tarihi su bi sawun wanda ya yi kasuwa.

Dogaro da ƙasashen waje ma ba mafita ba ce. Kuɗin bukukuwan Turai da Amurka ya raya ƙungiyoyi da dama, amma yana da sharaɗin da ba a rubutawa: mai saye yana da hoton Gabas a kansa, ko dai natsuwa da hazo, ko kuma ƙorafi a kan hukuma, aikin da bai faɗa ɗayan biyun ba yakan sha wuyar samun gayyata. Ga kuma abin da 2020 ta nuna, cewa rufe iyaka na shekara biyu ya kusa kashe aikin shekara 14 na TAO.

Ƙungiyar rawa ta Cloud Gate a Taiwan ta nuna wata hanya. Lin Hwai-min ya kafa ta a 1973, ita ma rashin kuɗi ya tsayar da ita daga 1988 zuwa 1991. Da ta dawo, ta sa taici, dabarun yaƙi na cikin jiki, zaman natsuwa da rubutun burushi cikin horon kullum, shekaru kafin sakamakon ya bayyana a dandamali. Ta kuma riƙa yin wasa kyauta a fili, dubun-dubatar mutane suna zama a ƙasa suna kallo, ta buɗe azuzuwa ga yara da manya waɗanda ba su da niyyar zama 'yan rawa. Da gobara ta cinye ɗakin atisayenta a 2008, dubban mutane da kamfanoni suka ba da gudummawa, aka buɗe sabon gida a Tamsui a 2015. Mutane sun ba da kuɗi ne domin sun riga sun ɗauki ƙungiyar tasu ce. TAO ma bayan 2022 ta ƙara buɗe ƙofa ga mutanen gari su zo su koyi motsi, wannan kuwa shawara ce mai kyau, ko da yake kuɗin aji kaɗai ba zai riƙe ƙungiya ba.

Abin da ya rage na hukumomin al'adu ne, na ƙasa da na birane, kuma bai kai kuɗin babban wasa guda ba. A ware wani kaso na tallafi ya zama na shekara uku, a ba ƙungiya domin haya, albashi da inshorar rauni, a auna ta da yawan darasin da ta yi da tsofaffin ayyukan da ta sake nunawa. Gidajen wasan da aka gina a kusan kowane babban birni suna da ɗakunan gwaji masu daɓe mai kyau waɗanda ba kullum ake amfani da su ba. A ba ƙananan ƙungiyoyi mabuɗi na shekara. A biya kuɗin maimaita aiki kamar yadda ake biyan na sabo, domin wasa yakan nuna ne bayan an yi shi sau 20 ko 30. A kuma daina ɗaukar cewa mai rawa ya ƙare da ya kai shekara 30. Qiao Yang, ɗaya daga ɗaliban ajin 1987, ta yi cikakken wasa ita kaɗai a 2019 tana gab da shekara 55. Ta iya hakan ne domin ta shafe fiye da shekara 20 a ƙungiyar Willy Tsao ta Hong Kong da ke biyanta albashi, tana shiga darasi kowace safiya. Abokan ajinta da na bayansu da suka bar fagen da wuri, da yawansu ba jiki ne ya gaza musu ba, wurin zuwa da safe ne suka rasa.